Ƙwaya Mai Tsaga a Tsakiya

Abin da ya fara ɗaukar idona a ɗakin awo ran nan wata 'yar zuciya ce a fuskar wayar malamar asibiti. Ba ta kai girman ƙwayar wake ba. Fara ce, amma da malamar ta taɓa ta da yatsa sai ta koma koriya, ta ɗan motsa kamar mai numfashi. Maigidana na zaune a gefe, an naɗe masa damtse da abin awon jini, yana kallon silin. Ni kuwa zuciyar nake kallo.

Lokacin shekararmu goma sha ɗaya da aure. Tun ina budurwa nake karatun littattafan soyayya, irin waɗanda ake ba da haya a wani ɗan shago bayan 'yan tumatir a kasuwar Haɗeja, kuma aure bai raba ni da su ba. A cikin littattafan miji yakan kira matarsa daga wurin aiki don kawai ya ji muryarta. Nawa mijin manomi ne, shinkafa da damina, alkama da rani, a fadama can hayin kogi, kuma ba shi da yawan magana. In miya ta yi masa daɗi sai ya ƙara tuwo, ta haka nake ganewa. Ban taɓa jin haushinsa ba. Na dai daɗe ina jiran wani abu daga gare shi, ni kaina ban san mene ne ba.

Likita ya ce hawan jini ne, kuma ya jima a jikinsa. Ya tambaya ko akwai mai shi a dangi. Akwai. Mahaifin maigidana ya shekara shida a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin Allah ya karɓi abinsa, ni ce ma na riƙa wanke masa kaya a shekarun ƙarshe.

"To, abin da muke gudu ke nan," in ji likita. "Ƙwaya ɗaya kullum da safe, ba fashi. In ka yi wasa da ita, Malam, kwanciyar da baba ya yi ita ke jiranka."

Malamar ce ta yi mana sauran bayanin. Ta ce asibitin ya daina fayil na takarda, komai na majiyyaci yanzu yana cikin kwamfuta. Akwai kuma manhajar da ake sa wa mutum a waya, haɗe take da fayil ɗinsa. In lokacin shan magani ya yi za ta yi ƙara, in an sha sai a taɓa zuciyar ta koma koriya, nan take likita zai gani daga kujerarsa. Wayar maigidana ƙarama ce mai madannai da tocila, ba ta ɗaukar irin wannan, don haka a tawa aka sa.

"Hajiya, ke ce likitarsa a gida," in ji ta. "In kin ga ya haɗiye, ki taɓa. In bai sha ba, ki bar ta fara, kada ki ji kunyarmu."

Maigidana ya ce, "Yanzu har waya ce za ta riƙa kai ƙarata?"

"Ƙwarai kuwa, Malam. Ba ta da wata sana'a sai gulma."

Ya yi murmushi, muka fito, muka hau adaidaita zuwa gida.

Makonnin farko yana gida. Ƙarfe bakwai wayar ta yi ƙara, in kawo masa ƙwayar da kofin ruwa, ya haɗiye, in taɓa. Ƙwayar fara ce, doguwa kaɗan, da tsaga a tsakiyarta. Zuciyoyin suka fara jeruwa, layi bayan layi, kowace rana da tata. In na gama aikin gida nakan buɗe wayar in yi ta kallonsu, yadda nake komawa shafin da na fi so a littafi. Ji nake kamar ran mijina aka ɗauka aka sa mini a tafin hannu, ni kaɗai a duk garin.

Sai shinkafa ta fitar da kai, jan-baki suka sauko. Duk wanda ya san fadama ya san waɗannan tsuntsaye, garke guda kan share gona tsakanin fitowar rana da hantsi. Ga ruwa ya cika, ba a zuwa gonar sai da kwale-kwale, kuma ba tafiyar da za a yi kullum ba ce. Kamar kowace shekara, dole ya koma bukka ya zauna koran tsuntsu, kwana goma, wani lokaci mako biyu, kafin ya leƙo gida.

Ni na kawo dabarar. Na zuba masa ƙwayoyin a wani ɗan gwangwanin alawa, na ce kullum in ya sha ya yi mini filashin, ƙara ɗaya ya kashe, ni kuma in taɓa zuciyar daga nan. Ya ce babu sabis a bukka, sai an hau wani tudu mai giginya, da ɗan nisa. Na ce to ya hau. Ya dube ni, ya ce, "To."

Washegari bakwai saura kaɗan wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Ina durƙushe gaban murhu. Na daɗe riƙe da ludayi ban motsa ba. Shekara goma sha ɗaya, mutumin nan bai taɓa kirana ba sai in zai ce a ajiye masa tuwo ko a aika masa buhu. Ga shi yau ya taka cikin raɓa, ya hau tudu, ya nemi lambata. Na taɓa zuciyar ta koma koriya.

Haka muka yi damina. Filashin ɗin bai cika saɓa lokaci ba. Ranakun da bai zo ba, uku ne ko huɗu, cajinsa ne ya ƙare. A waɗannan ranakun ma na taɓa. Na tuna maganar malamar, amma na kasa barin farar zuciya guda a tsakiyar koraye, kamar giɓi a bakin amarya. Na ce wa kaina ai na san mijina.

Ba shi kaɗai yake zama a bukkar ba. Yana da amini, masunci, ya ɗan girme shi, kakanninsa daga gaɓar tafkin Cadi suka zo. Shi ke tsallakar da shi a kwale-kwalensa, tare suke kwana, tare suke ci. Tun suna samari ba a taɓa ganin ɗayansu ya ci abu a gaban ɗaya shi kaɗai ba. In goro ɗaya ne, a ɓare shi biyu. In tarwaɗa ɗaya ce, wannan ya ɗauki kai, wancan wutsiya, gobe a juya. Mutanen unguwa har tsokanarsu suke yi da wannan. Ni yakan ce mini "matarmu", in ya zo ya tsaya a zaure ya ɗaga murya, "Matarmu, a fito da kwano, yau kogi ya yi kirki." Na san duk wannan. Ban taɓa haɗa shi da gwangwanin alawa ba.

Bayan an yanke shinkafa muka koma asibiti. Aka naɗe damtse, aka auna, aka sake aunawa. Jinin bai sauka ba. Likita ya juyo mana da fuskar kwamfutarsa, sai ga zuciyoyina a jere, koraye shar, ba giɓi ko ɗaya.

"Malam, kana sha?"

"Ina sha, likita."

"Hajiya?"

"Ko kwana ɗaya bai tsallake ba," na ce. Na tuna har gyara zama na yi da na faɗa.

Likita ya daɗe yana duban kwamfutar. Ya ce da ya ga giɓi da ya san inda matsalar take, da sai a zauna a yi magana. Amma tunda ana sha yadda ya kamata, to ƙwayar ce ta yi masa kaɗan. Ya ƙara wata, 'yar ƙarama, ya ce za ta riƙa sa shi fitsari, kada ya damu, aikinta ke nan. Ya ce mu dawo bayan wata uku. Da za mu fita ya ce wa malamar da ma duk majiyyatansa haka suke. Kafin mu kai bakin titi manhajar ta riga ta san da sabon maganin, zuciyoyin sun zama biyu a kowace rana. Na ji daɗi.

Rani ya shigo, aka shuka alkama. Alkama ban-ruwa take so, kuma ba a barin injin ruwa a gona ba mai tsaro, sai ya sake komawa bukka. Na cika masa gwangwani da iri biyu. Filashin ya ci gaba.

Ranar da abin ya faru Talata ce. Da safe filashin ya zo a kan lokaci, na taɓa zuciya biyu, na sallami yara makaranta, na jiƙa wanki. Wajen tsakar rana wayar ta sake yin ƙara, lambarsa ce. Na tsaya ina jira ta katse. Ba ta katse ba, ta yi ta yi. Na goge hannuna a zane a hankali, ina cewa a raina yau kuma muryata yake son ji. Na ɗauka na yi sallama da wata irin murya da ban taɓa yi masa ba.

"Matarmu," in ji aminin. "Ki same mu a asibiti. Ki taho yanzu."

Daga baya na ji yadda aka yi. Ya sunkuya zai tayar da inji, ya faɗi a bakin ramin ruwa. Aminin ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa kwale-kwale. Hanyar ruwan da suka saba bi kacalla ta toshe ta, wannan doguwar ciyawar da ta cinye rabin fadama, sai da ya zagaya ta nesa, yana tuƙi yana kiran sunansa. Kafin su kai gaɓa su sami abin hawa, rana ta take.

Na same shi a gado, an sa masa ƙarin ruwa. Bakinsa ya karkace. Hannun dama na kwance a gefensa kamar ba nasa ba. Ya dube ni, ya yi wani sauti. Na gyara masa zanen da aka rufa masa, don ƙafarsa ɗaya ta fito. Na san ɗakin nan tun kafin in shige shi, na san warin, na san yadda ake juya mutum don kada bayansa ya yi gyambo. Abin da na tsaya ina tunani ke nan, wai ina na ajiye tsohuwar ledar shimfiɗar baba.

Aminin na tsugune a baranda, wandonsa jiƙe da taɓo har gwiwa. Na tsaya a gefensa. Ya zaro wayar maigidana daga aljihu ya miƙo mini, sannan ya zaro gwangwanin alawa.

"Ga maganinmu," ya ce. "Ko likita zai tambaya."

Na buɗe. Ƙananan ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. Dogayen kuwa da yawa, kuma rabi-rabi ne, an ɓalle su daidai kan tsagar.

"Maganinku?"

"E. Ai ciwonmu ɗaya. Ciwon kan nan na ƙeya, da jiri in na miƙe a jirgi. Da na gaya masa sai ya ce shi ne, sak. Ya ce ba zai zauna yana shan magani ina kallonsa ba."

"Sai kuka raba."

"Sai muka raba. Ki duba mana, matarmu, ai masu yin ta ma sun san za a raba, shi ya sa suka ja mata layi. Kamar goro."

Na tambaye shi ƙaramar fa. Ya ce wannan kwana uku kawai maigidana ya sha ta. Ta hana shi riƙe alwala, kafin ya idar da salla fitsari ya matse shi, ga aikin ruwa, mutum na tsakiyar gona yana juya ruwa sai ya yar da fartanya ya nufi bayan ciyawa. Shi kuma aminin ƙafafunsa na kumbura. Sai maigidana ya ce ya riƙe ta gaba ɗaya.

"Kuma wallahi kumburin ya sauka," in ji shi. Ya ɗage wando ya nuna mini ƙwaurinsa. "Kin gani?"

Na gani. Ƙafar ta sauka sosai.

"Rabin nasa fa, kullum yake sha?"

Ya sosa kai. "Wani lokaci. In tsuntsu ya sauko da wuri, ko inji ya ƙi tashi, sai a manta. Ni ne ma nake tuna masa."

"Amma kullum yana yi mini filashin."

"A'a, wannan ai daban. Wannan ko ruwa ake da iska sai ya hau tudun nan. Nakan ce masa, kai da ba ka iya zance ba tun muna samari, yanzu da furfura ka koya? Sai ya ce in bai yi ba ba za ki karya ba." Ya yi 'yar dariya, sannan ya sa hula ya rufe fuska.

Na tsaya riƙe da gwangwanin. Wata mata ta wuce da fulas da kwanuka. Can bakin ƙofa mai rake yana fere rake. Na jira in ji wani abu ya taso mini, kuka ko fushi ko ma mene ne. A littattafan da na karanta a irin wannan wurin mace takan sulale ƙasa. Ni ƙafata ce kawai ta yi tsami, na canza tsayuwa.

Na kai wa likita gwangwanin, na faɗa masa yadda aminin ya faɗa mini. Ya zazzage ƙwayoyin a tafin hannunsa, ya juya rabi ɗaya da yatsa. Kwamfutarsa na kunne, zuciyoyin na nan, har da biyun safiyar ranar.

"Hajiya, waɗannan duka, kin gan shi yana haɗiyewa?"

"Na farkon na gani."

"Sauran fa?"

"Filashin yake yi mini."

Bai yi faɗa ba. Ya rubuta wani abu mai tsawo a fayil ɗin. Sannan ya ce a shigo masa da mutumin da ke baranda. Aka naɗe wa aminin damtse, aka auna, ashe shi ma yana da hawan jinin. A ranar aka buɗe masa nasa fayil, aka ba shi nasa maganin. Malamar da ta sa mini manhajar ita ta rubuta masa kati. Ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da rubutu.

Washegari ƙarfe bakwai ina zaune a kan tabarma gefen gadonsa, wayar ta yi ƙararta ta magani. Zuciya biyu farare. Ba ta san an kwantar da shi ba tukuna, sai da rana aka gyara fayil ɗin, tsofaffin magungunan suka ɓace, sababbi suka fito. Na bar ta ta yi ta yi har mai jinyar gadon kusa ta ce, "Baiwar Allah, wayarki." Na kashe.

Mun yi mako uku a asibiti. Alkamar kuwa, ƙaninsa ne ya ƙarasa aikinta. Mutane suka yi ta zuwa dubiya, suna cewa ai an yi ƙoƙari, ga magani ana sha kullum, abin Allah ne. Ina cewa haka ne. Aminin bai gaya wa kowa zancen rabon ba, ni ma ban gaya ba, ba don mun haɗa baki ba. Littattafan suna nan cikin akwati a ƙarƙashin gado. Ban ƙone su ba, ban bayar ba. Na ɗauko ɗaya wata rana bayan mun dawo gida, na karanta shafi biyu, na ga ban riƙe ko sunan yarinyar ba, na mayar.

Yanzu shekara biyar ke nan. Aminin lafiyarsa ƙalau, 'yarsa ce ke riƙe masa da manhajar, an ce ba ta taɓawa sai ta sa shi ya buɗe baki ta leƙa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo da kifi da goro ɗaya.

Maigidana bai kwanta kamar mahaifinsa ba. Yana tashi da sanda, yana jan ƙafar dama zuwa zaure, ya wuni a kan tabarma yana kallon masu wucewa. Hannun bai dawo ba. Magana ta dawo kaɗan, kalma ɗaya, biyu, sai ya gaji ya bari. Maƙwabta na cewa ai da ma can ba mai magana ba ne. Gonar tana hannun ƙaninsa, shi bai sake tsallaka kogi ba. In aminin ya zo, yakan karɓi goron da hagu, ya juya shi, ya kasa ɓarewa, ya mayar masa ya ɓare musu.

Maganinsa yanzu iri huɗu ne. Ni nake sa masa a baki, in ba shi ruwa, in tsaya har maƙogwaronsa ya motsa, sannan in taɓa. Ran da ya ƙi sha, ina barin ta fara. Akwai farare da yawa a jerin yanzu, likita yakan tambaye ni a kansu in gaya masa.

Ƙaramar wayar tana aljihun rigarsa har yau, ni nake sa mata caji. Kullum bakwai saura kaɗan, yana zaune a bakin gado, ni ina tsakar gida taku goma tsakaninmu, yakan lalubo ta da hagu ya danna da babban yatsa. Tawa ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Nakan duba, in ajiye ta a kan turmi, in sauke ruwan koko.